Ina Manyan Ƙasarmu Suke Kwance?

'Yan'uwa, in kun saurari yadda dattawan Kano suke kiran sarakunan da, za ku ji wata kalma tana yawan dawowa, wato Maje. Akwai Abdullahi Maje Ƙarofi, akwai Abbas Maje Nasarawa, akwai Yusufu Maje Garko. Ma'anarta wanda ya je wuri kaza bai komo ba. Al'adar maƙwabtanmu Musulmi ce a binne mamaci da wuri, a kabari marar ado, sau da yawa ba a ma rubuta suna a kai. Saboda haka mutane suka riƙa ɗaura sunan garin da ajali ya sami babban mutum a jikin sunansa, don kada jikoki su manta. Sarki Abdullahi ɗan Ibrahim Dabo ya hau sarautar Kano a 1855. A 1882 ya kama hanyar Sakkwato, ya rasu a Ƙarofi cikin ƙasar Katsina, can kuma aka binne shi. Kanawa da yawa da ba su taɓa taka Ƙarofi ba sun san sunan garin saboda shi.

A wannan rubutu za mu bi sawun waɗansu manyan ƙasar nan, sarakuna da malamai da masu bishara da 'yan siyasa, mu ga yadda suka rayu da inda aka kwantar da su. Daga nan sai mu dawo gida, mu dubi makabartun ikkilisiyoyinmu na ƙauye, gama akwai abin da yake ɓacewa a cikinsu kowace damina.

Daga ƙofar gida

Utai ba baƙuwa ba ce a tarihin Kano. Nan ne mazaunin Fulani Jobawa, kuma shugabansu Malam Bakatsine yana cikin malaman da suka ja ragamar jihadi a ƙasar Kano a farkon ƙarni na 19. Sarautar Makaman Kano, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki, ta gidan Jobawa ce, kuma shekaru masu yawa Makama ne hakimin Wudil. Sarkin da suka yaƙa shi ne Muhammadu Alwali, na ƙarshe a gidan Kutumbawa. Aka fitar da shi daga birni, ya nufi Zazzau, daga baya ya zauna a Burumburum a kudancin Kano, inda aka kashe shi wajen 1807. Mutumin da ya kwana a Gidan Rumfa shekara da shekaru, a wani gari na gefen ƙasa ransa ya ƙare.

Garko kuwa maƙwabciyarmu ce. Da Sarki Bello ya rasu a 1893, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur. 'Ya'yan Maje Ƙarofi ba su yarda ba, suka fita daga birni a bayan Yusufu, suka kafa sansani a Takai. Wannan shi ne yaƙin da ake kira Basasa. Yusufu bai ga ƙarshensa ba, ya rasu a Garko a 1894, shi ya sa ake ce masa Maje Garko. Mutanensa suka ɗora ɗan'uwansa Aliyu Babba, wanda ya ci Kano ya zama sarki. Ku riƙe sunan Aliyu, za mu sake haɗuwa da shi.

Na kusa da mu duka shi ne Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya. Ya gaji mahaifinsa Abdullahi Bayero, wanda ya rasu a ƙarshen 1953. Sarki ne mai kwarjini ƙwarai, amma a 1963, bayan gwamnatin Jihar Arewa ta sa an binciki kuɗin En'e ta Kano, ya sauka daga sarauta ya tafi Azare. Ya yi kusan shekara 20 a can yana halifancin Tijjaniyya. Daga baya ya dawo Wudil, inda ya ƙare kwanakinsa, ya rasu a 1991. Akwai dattawa a kewayen nan da suka gan shi da idonsu. Wanda aka raba da gadon sarauta da ransa, da ya rasu aka mayar da shi cikin iyayensa a gidan sarki na Nasarawa. Wannan gida shi ne makwancin sarakunan Kano na zamani. Abbas, wanda Turawa suka naɗa a 1903, ya rasu a can a 1919. Can Abdullahi Bayero yake, da Muhammadu Inuwa wanda ya yi 'yan watanni kawai a 1963, da Ado Bayero wanda ya yi shekara 50 a kan gado ya rasu ranar 6 ga Yuni 2014.

A Sakkwato, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1817, kuma Hubbarensa yana cikin birni, mutane suna zuwa ziyara daga nesa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta koyar da matan ƙauyuka ta hannun jajis ɗinta, ta rasu a 1864 aka binne ta kusa da shi. Ƙanensa Abdullahi yana Gwandu, ɗansa Muhammadu Bello yana Wurno tun 1837. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya kuwa a fagen yaƙi ya faɗi, a Burmi cikin Jihar Gombe ta yanzu, a watan Yuli 1903, yana kan hanyar hijira zuwa gabas da jama'arsa.

Lokoja, inda hanyoyi suka haɗu

Babu garin da ya fi ba ni mamaki a wannan labari kamar Lokoja. A 1890 waɗansu matasa biyu daga Ingila, John Alfred Robinson da Graham Wilmot Brooke na mishan ɗin CMS, suka zauna a can da nufin shiga ƙasar Hausa. Suka sa tufafi irin namu, suka duƙufa koyon Hausa, Robinson har ya soma juya Bisharar Matiyu. Ko ɗayansu bai ga Kano ba. Robinson ya mutu a 1891, Brooke ya bi shi a 1892, a Lokoja aka binne su. Ɗan'uwan Robinson, wato Charles, shi ne ya iso Kano a ƙarshen 1894, daga baya ya wallafa ƙamus na Hausa.

A watan Afrilu 1900 wata ƙungiyar CMS ta mutum 5, Bishop Herbert Tugwell yana gaba, Likita Walter Miller yana ciki, ta iso Kano. Sarki Aliyu Babba ya gan su a fada, bai karɓe su ba, ya ba su 'yan kwanaki su bar garinsa. Shekara 3 bayan haka sojojin Ingila suka shiga Kano, ranar 3 ga Fabrairu 1903, Aliyu yana wajen Sakkwato. Aka kama shi, aka kai shi Yola, daga nan Lokoja. Ya yi fiye da shekara 20 a hannun Turawa, ya rasu a 1926. Kabarinsa yana Lokoja, tare da na waɗansu sarakunan da aka tuɓe, irin su Kwasau da Aliyu ɗan Sidi na Zazzau. Wato sarkin da ya hana masu bishara zama a Kano da masu bisharar da suka mutu suna marmarin ganin Kano, ƙasar gari ɗaya ce ta rufe su, dukansu nesa da gida.

Kaburbura biyu a Girku

Yawancinmu da muke ECWA mun ji sunayen mutum 3 da suka sauka Legas a watan Disamba 1893: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Ba wata babbar ƙungiya a bayansu, ba kuɗin kirki a hannunsu. Bingham ya kwanta ciwo, ya tsaya a bakin teku yana aika musu kaya. Sauran biyun suka nausa arewa. Gowans ya kai Girku, kudu da Zariya, ya mutu a can a watan Nuwamba 1894, bai kai shekara 30 ba. Kent ya mutu a Bida bayan 'yan makonni. Bingham ya koma Kanada ba tare da ko mutum ɗaya da ya tuba ba. Sai a zuwa na uku, a 1902, aka kafa tasha a Pategi. Daga wannan ƙaramin mafari mishan ɗin SIM ya fito, daga SIM kuma ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Bingham ya rasu a Kanada a 1942.

Girku ta sake karɓar wani. Da aka sallami su Tugwell daga Kano, can suka koma suka yada zango, kuma can Dudley Ryder, ɗaya daga cikinsu, ya mutu a tsakiyar shekarar 1900. Don haka wannan ƙaramin gari yana riƙe da mutum ɗaya na SIM da mutum ɗaya na CMS, tushen ECWA da tushen Angilikan a ƙasar Hausa.

Abin lura a nan shi ne dalilin da ya sa muka san waɗannan abubuwa har da wata da shekara. Abokan tafiyarsu sun rubuta wasiƙu, ofisoshin mishan sun ajiye su. Amma ba su kaɗai suka yi tafiyar ba. Akwai 'yan dako da masu dafa abinci da tafintoci, 'yan ƙasa, waɗanda suka sha zazzaɓi iri ɗaya a hanya ɗaya. Su ba a cika rubuta sunayensu ba. Wannan ya kamata ya dame mu.

Isawa, Gimi da Wusasa

Tun kafin wani Bature mai bishara ya tako Kano, an yi wani malami a birni mai suna Ibrahim. Cikin karatunsa na Alƙur'ani ya ga girman da aka ba Annabi Isa, ya soma koyar da almajiransa a kan haka, har aka riƙa kiransu Isawa. Aka kai ƙararsa, ya ƙi janye maganarsa, aka kashe shi a kasuwar Kano wajen 1867, zamanin Maje Ƙarofi. Mabiyansa suka watse, da yawa suka nufi iyakar Ningi. Su ba Kirista ba ne a lokacin, ba su da Littafi Mai Tsarki, amma sun riƙe abin da malaminsu ya bar musu suka koya wa 'ya'yansu.

A 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka sadu da Likita Miller, wanda ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905. Da yawa suka karɓi baftisma, aka kafa musu ƙauye a Gimi cikin ƙasar Zazzau, wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson, yana kiwonsu. Ƙauyen ya yi kyau da farko, da gonaki da makaranta. Sai ciwon barci, wanda ƙudan tsando yake kawowa, ya faɗa musu. Cikin 'yan shekaru mutane suka yi ta mutuwa, har waɗanda suka ragu suka tashi. Waɗanda aka binne a Gimi suna cikin Hausawa na farko da suka mutu cikin bangaskiyar Almasihu a zamanin nan, manoma ne kamarmu, masu jin harshen da muke ji.

Ragowarsu suna cikin waɗanda suka zauna a Wusasa, bayan an fitar da mishan daga birnin Zariya a 1929. Majami'ar St. Bartholomew da aka gina da ƙasa a lokacin tana nan tsaye. Daga wannan ƙaramar al'umma aka sami Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya rasu a 1977, babban asibiti a Kaduna yana ɗauke da sunansa. Aka sami Farfesa Ishaya Audu, jikan Isawa, likitan yara, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma yi ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Ya rasu a 2005.

Shi Miller, aikinsa mafi girma shi ne fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya yi tare da waɗansu, aka buga a 1932. Da wannan fassara kakanninmu suka koyi karatu a azuzuwan yamma. Mutum ne mai kaifin harshe, bai bar sarakuna ba, bai bar Turawan mulki ba, har da 'yan'uwansa na mishan sun sha saɓani da shi. Bai yi aure ba. Ya zaɓi ya tsufa a ƙasar nan, ya rasu a Bukuru a 1952 yana da shekara 80, aka binne shi a makabartar majami'ar St. Piran a Jos.

Na zamanin siyasa

Waɗannan kun fi sanin labarinsu, don haka ba zan daɗe ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Minista, an kashe shi a juyin mulkin Janairu 1966, kabarinsa yana Bauchi, gwamnati ta gina shi ya zama wurin tarihi. Janar Murtala Muhammed an harbe shi a Legas ranar 13 ga Fabrairu 1976, bayan wata 6 kacal a kan mulki, aka kawo shi Kano aka binne. Malam Aminu Kano, jagoran NEPU da PRP, wanda ya yi rayuwarsa yana faɗa don talaka da 'yancin mata, ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983. A cikin gidansa na Gwammaja aka binne shi. Gidan, wanda ake kira Mambayya, yanzu cibiyar nazari ce ta Jami'ar Bayero. In kun shiga birni ku leƙa, ku ga ƙanƙantar ɗakin da mutumin da ya girgiza Arewa ya zauna a ciki.

Abin da wata ƙasa ta yi

Lokacin da sojojin Nijeriya suke aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango a farkon shekarun 1960, shugaban ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya wani mutumin Suwidin ne, Dag Hammarskjöld. A watan Satumba 1961 jirginsa ya faɗi kusa da Ndola, a Zambiya ta yanzu, yana kan hanyar sulhu. Aka kai shi gida aka binne shi a makabartar iyalinsu a Uppsala. Ba abin mamaki ba ne a san kabarin mutum irinsa. Abin da ya ja hankalina shi ne, a ƙasarsu ko manomin ƙauye da ya mutu shekara 200 da suka wuce, sau da yawa ana iya samun sunansa da ranar da aka binne shi. Dalili kuwa, dokar ikkilisiya ta 1686 ta wajabta wa kowane fasto ya riƙe littafin haihuwa da aure da mutuwa na yankinsa. Fastocin ƙauye suka yi ta rubutawa da hannu, tsara bayan tsara, har ikkilisiya ce ta riƙe rajistar jama'ar ƙasar zuwa 1991. A lokacin da suka soma, Suwidin ƙasar manoma matalauta ce. Kayan aikin takarda ne da alƙalami.

Mu dawo makabartarmu

A zagayen da muke yi na ƙauyuka, ga abin da muke yawan tararwa. Makabartar ikkilisiya tana gefen gonar wani. Gicciyen katako da aka kafa, gara ta cinye shi cikin damina biyu ko uku. Tudun kabari ya baje. Dattijon da ya ba da filin da baki ya rasu, magada sun raba gado, kowace shekara garma tana cin kunya ɗaya ko biyu. In ka tambayi matasa ina kabarin mai bisharar da ya fara tara mutane a gindin itace a garin nan, sai su nuna maka wajen da hannu, su ce yana ta can. Tsohuwa ɗaya ko biyu ce ta san ainihin wurin.

Wannan ya wuce zancen tarihi. In aka rasa makabarta, ranar da aka yi rasuwa sai a shiga neman wuri da gawa a ɗaki, kuma irin wannan neman cikin gaggawa yakan jawo rigima da maƙwabta a inda da ana zaman lafiya. Mun san garuruwan da samun sabon fili don binne Kirista yake da wuya ƙwarai. Wanda yake hannu ya fi sauƙin riƙewa.

Ku tuna da abin da Ibrahim ya yi cikin Farawa sura 23. Da Saratu ta rasu, Hittiyawa suka yi masa tayin wuri kyauta. Ya gode, amma ya nace sai ya biya. Ya auna wa Efron shekel 400 na azurfa a gaban mutanen gari a bakin ƙofa, aka tabbatar masa da saurar da kogon Makfela da itatuwan da suke ciki. Shi ya sa wurin ya tsaya har aka binne shi kansa a can, da Ishaku da Rifkatu da Lai'atu da Yakubu. Baƙo ne a ƙasar, ya san kyautar baki takan mutu tare da mai bakin.

Ga ikkilisiyar ƙauye, hanyar ita ce a fara da mai unguwa da dagaci da masu gonakin da suke kewaye. A taka iyaka tare, a rubuta yarjejeniya, kowa ya sa hannu, har da magadan wanda ya ba da filin, Musulmi ne ko Kirista. Bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙaramar hukuma ce take ba da izinin riƙe fili a karkara, don haka a kai takardar can a nemi shaida da sunan ikkilisiya. Kada a yi ta da sunan fasto ko na wani dattijo, gama fasto yakan tashi, dattijo kuma yana da magada. A ajiye kwafi ɗaya a majami'a, ɗaya a ofishin gunduma. In babu kuɗin katanga, a dasa shinge na aguwa ko cini-da-zugu, a kafa dutse ko turken siminti a kowace kusurwa.

Sai littafi. Babban littafi mai bango mai ƙarfi ya isa, a hannun magatakardan ikkilisiya. A rubuta cikakken sunan mamaci da na mahaifinsa, da ranar rasuwa, da layin da kabarinsa yake. A ƙara layi biyu ko uku a kan rayuwarsa: ita ce ungozomar garin shekara kaza, shi ne ya fara koya wa yara karatu, shi ya ba da filin majami'a. A shafin farko a zana taswirar makabartar, ko da ba ta yi kyau ba. Iyali kuma su nemi takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda doka ta ba rajistar haihuwa da mutuwa, gama gwauruwa takan bukace ta wajen neman haƙƙin mijinta.

Na waɗanda suka riga suka daɗe da rasuwa, wurin tsofaffi za a samo. Zumuntar Mata ta fi kowa dacewa da wannan, domin mata ne suka fi riƙe wane ya rasu shekarar da aka yi fari, wance ta rasu tana goyon wane. A zaunar da tsofaffi biyu ko uku tare, ɗaya yana gyara wa ɗaya, wani ɗan makaranta yana rubutawa. Sa'an nan a tafi da su makabartar su nuna. Aikin ya fi sauƙi da rani, bayan an kwashe amfanin gona, lokacin da ciyawa ta bushe, ɗan tudun kowane kabari yana iya ganuwa.